Afroteriya, dangin giwa da ayu da rema

Afroteriya suna ne da masana ilimin dabbobi suka raɗa wa wani babban rukuni na dabbobi masu shayarwa waɗanda ake ganin kakansu ɗaya kuma a Afirka ya rayu. A cikinsu akwai giwa, ayu, rema, dabgi, sai wasu ƙananan dabbobi masu cin ƙwari da suka haɗa da tenrek na Madagaska da wata 'yar dabba mai dogon hanci da ake kira sengi. A ido dai babu abin da ya haɗa su, shi ya sa ake yawan kawo rukunin a matsayin misali in ana bayanin yadda ake gano dangantakar halittu ta hanyar ƙirar jiki da kuma gwajin DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jikin halitta.

Tarihin rarrabawa

Tun farko da kamanni ake raba dabbobi, kuma kamannin ya sha yaudarar masana. Rema da ke zaune a kogunan duwatsu an fara ɗaukarta dangin ɓera ce saboda girmanta da haƙoranta na gaba, har sunan Procavia da aka ba ta a 1780 ma yana danganta ta ne da wani ɓera na Amurka ta Kudu. Bafaranshe Georges Cuvier da ya duba ƙasusuwanta da turamen bakinta sai ya cire ta daga can ya kai ta kusa da karkanda da giwa. Dabgi shi ma an daɗe ana haɗa shi da macin tururuwan Amurka ta Kudu don duk suna da dogon baki da dogon harshe da faratan tono, alhali cin gara da tururuwa ne kawai ya sa jikinsu ya zo iri ɗaya, tenrek kuwa da ke da ƙaya a baya tare da bushiya da jaɓa aka jefa shi.

A 1945 Ba'amurke George Gaylord Simpson ya tara giwa da ayu da rema a rukuni ɗaya da ya kira Paenungulata, kuma da ƙashi da haƙori kaɗai ya yi wannan aikin, lokacin ba a ma gano siffar DNA ba tukuna. Ba kowa ya yarda da shi ba. Har wajen shekarun 1980 akwai masu cewa rema ta fi kusa da doki da karkanda, hujjarsu ɗaya ita ce wata jakar iska da ke tsakanin kunne da maƙogwaro wadda doki yake da ita rema ma tana da ita.

Shaidar jiki

A nan ne zancen ya fi daɗi, don wasu alamomin ko ba masani ba zai iya gani. Giwa mace nonuwanta biyu a ƙirji suke tsakanin ƙafafun gaba, ba a mara ba kamar na saniya, ita ma ayu nata a hammata suke, rema kuma tana da biyu a wajen hammata ban da na mara. Toron giwa ba a ganin marainansa a waje, a cikin ciki suke kusa da ƙoda, haka na ayu haka na rema. Hauren giwa haƙorin gaba ne na sama da ya yi ta girma, ba fiƙa ba ce irin ta gadu ko dorina, to rema ma tana da 'yan haure biyu daga haƙoran gaba da ba sa daina tsiro. In aka ɗaga hannun ayu na Afirka ta Yamma za a ga farata shimfiɗaɗɗu guda uku ko huɗu a bakinsa, dabbar da ba ta taka ƙasa kenan amma tana yawo da farce mai kama da na giwa.

Sai dai ba kowace kama ce gado ba. Giwa da ayu duk turamensu daga bayan muƙamuƙi suke tahowa gaba suna ture waɗanda suka cinye, amma tsofaffin kakanninsu da aka tono ba su da wannan tsarin, don haka akasarin masana na ganin kowa da kansa ya samo shi daga baya.

Shaidar DNA

Tun wajen 1981 binciken wani furotin na ƙwayar ido ya nuna dabgi na kusa da su giwa, amma sai a 1997 da 1998 ne ayyukan masana Mark Springer da Michael Stanhope da abokan aikinsu suka nuna har ƙananan masu cin ƙwarin nan duk gida ɗaya ne, a 1998 ɗin aka sa sunan Afroteriya. Yadda ake yi shi ne a jera DNA na dabbobi da yawa a kwamfuta a ƙirga inda suka saɓa, wanda bambancinsu ya fi ƙanƙanta su ne rabuwarsu ta fi kusa. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce canjin da ba kasafai yake faruwa sau biyu ba, misali haruffan DNA 9 da suka ɓace a ƙwayar gado ta BRCA1 a dabbobin rukunin, da wasu gutsattsarin DNA masu kwafar kansu da aka bayyana a 2003 waɗanda ba a samu a wasu dabbobin ba. Bayan nan ne masu nazarin ƙashi suka koma suka sake dubawa, suka lura yawancin 'yan rukunin gaɓoɓin ƙashin bayansu sun fi na sauran masu shayarwa yawa, kuma haƙoran girmansu na makara wajen fitowa.

Lokaci da wuri

Afirka ta rabu da Amurka ta Kudu kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, ta daɗe ruwa na kewaye da ita, ana ganin a wannan zaman kaɗaicin ne zuriyar ta yaɗu. Mafi tsufa da aka sani a zuriyar giwa ita kanta shi ne Eritherium da aka tono a Maroko, shekarunsa wajen miliyan 60, nauyinsa kilo kaɗan ne. A Fayyum ta Masar an samu ƙasusuwan rema iri-iri, wasu girmansu ya kusa na ƙaramin karkanda. Shekarar da kakan rukunin ya rayu ba a daidaita a kai ba, lissafin DNA yakan kai shi baya fiye da abin da ƙasusuwa suka nuna.

Saɓani

Tsakanin giwa da ayu da rema ba a gama tantance su wane biyu suka fi kusa ba, ƙashi na nuna giwa da ayu, DNA kuma kowane bincike da amsar da yake bayarwa. Matsayin dabgi a cikin rukunin shi ma ana ja.

A yau

Akwai giwa a Yankari, ayu a kogin Neja da Binuwai inda farauta don nama da man ayu ta rage shi sosai. Gwajin DNA na 2001 ya nuna giwar kurmi da giwar fili jinsi biyu ne, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fara lissafa su dabam a 2021.