Yadda Ma'aunin Makin Digirin Farko Ke Shafar Neman Gurbin Karatun Lauya a Amurka

Me ya haɗa digirin farko da karatun lauya?

A Najeriya ɗalibi kan shiga sashen shari'a kai tsaye daga sakandare, ya yi shekara biyar, sannan ya wuce makarantar horas da lauyoyi. A Amurka abin ba haka yake ba. Sai mutum ya gama digirin farko a kowane fanni, tarihi ne ko kimiyya, kafin ya nemi gurbin digirin lauya na shekara uku, wanda ake kira JD. Abu biyu ake fara dubawa: sakamakon LSAT, jarrabawar neman shiga makarantar lauya, wadda makinta ke tsakanin 120 da 180, da kuma matsakaicin makin digirin farko, wato GPA.

To GPA ɗin da jami'ata ta rubuta shi za a ɗauka?

A'a. Hukumar LSAC, mai shirya LSAT, ita ce ke karɓar takardun sakamako ta sake lissafa su da ma'auninta. A wurinta A maki 4.00 ne, A- 3.67, B+ 3.33, B 3.00, har zuwa F da ke sifili. A+ kuwa 4.33 take ba shi.

A nan gizo ke saƙar, domin ba kowace jami'a ce ke ba da A+ ba. A ɗauki ɗalibai biyu masu ƙwazo iri ɗaya, kowa ya yi kwas 40 masu nauyi ɗaya. Ta farko jami'arta na ba da A+, ta samu guda 10, sauran duk A, sai ta tashi da 4.08. Na biyu jami'arsa ta tsaya a A, ko da ya cinye kowace jarrabawa ɗari bisa ɗari ba zai wuce 4.00 ba. Ta wani ɓangaren kuma, wanda ya ci kashi 91 a jami'ar da ba ta sa alamar ƙari ko ragi zai iya samun A cikakke, takwaransa mai kashi 91 a wata jami'ar a rubuta masa A-, ya faɗo 3.67. A ganina wannan ba adalci ba ne, tunda yaro ɗan shekara 18 da ke zaɓar jami'a bai ma san da wannan lissafi ba.

Wannan ɗan bambanci har ya kai ya hana mutum gurbi?

Yana iya kaiwa. Ƙungiyar lauyoyin Amurka, ABA, ta wajabta wa makarantun lauya da ta amince da su buga makin ɗaliban da suka ɗauka kowace shekara, har da makin wanda ke tsakiyar jeri. Mujallar U.S. News kuma na amfani da wannan adadi na tsakiya wajen jera makarantu. Saboda haka makaranta na kula sosai da ko makinka yana sama da tsakiyar ko ƙasa da ita. Inda tsakiyar take 3.90, mai 3.91 yana ɗaga ta, mai 3.88 yana jan ta ƙasa. Kuma ba gurbi kaɗai abin ke taɓawa ba, har tallafin kuɗin makaranta. A Nuwamban 2022 makarantun lauya na jami'o'in Yale da Harvard sun janye daga ba mujallar haɗin kai, daga baya mujallar ta rage nauyin da take ba maki, amma ba ta cire shi ba.

Idan na faɗi wani kwas na maimaita shi fa?

Jami'o'i da yawa kan yafe makin farko a lissafinsu. LSAC ba ta yafewa: muddin yana jikin takardar sakamako, da na farkon da na biyun duk za ta lissafa. Haka kwas ɗin da aka ɗauka a wata kwaleji kafin digiri. Abin da aka karanta bayan digirin farko, kamar digiri na biyu, ba ya shiga GPA ko kaɗan.

Ba a la'akari da cewa wasu jami'o'i sun fi tsaurin maki?

Ana yi, amma a bayan adadi. Rahoton da LSAC ke aika wa makaranta yana nuna yadda makin sauran masu nema daga jami'arka yake, don a gane inda ake rowar A. Jami'ar Princeton ta taɓa taƙaita A a kusan kashi 35 daga 2004, ta janye tsarin a 2014, bayan koke-koken ɗalibai cewa yana cutar da su a gasa da na wasu jami'o'i. Mai karanta fayil zai iya fahimtar irin wannan, sai dai adadin da makaranta za ta buga ba ya ɗauke da wani bayani.

Wanda ya yi digiri a Kano ko Yamai fa?

Digirin da aka yi a wajen Amurka da Kanada ba a mayar da shi GPA. Ana tantance takardun a ba su ɗaya daga cikin matakai huɗu: mafi kyau, sama da matsakaici, matsakaici, ko ƙasa da matsakaici. Don haka kada mai 4.50 bisa 5.00 ya zauna yana raba lissafi da kansa. Tunda ba shi da adadin da zai shiga jerin makaranta, LSAT ce ke ɗaukar mafi yawan nauyinsa.

Wanda makinsa ya riga ya yi ƙasa, me ya rage masa?

Da zarar an ba da digiri, GPA ya rufe ke nan. LSAT ce ake iya sake zama. Akwai kuma damar haɗa ɗan gajeren bayani da takardun nema, a faɗi abin da ya faru a zangon da maki ya faɗi, rashin lafiya ne ko rasuwa a gida, a nuna yadda ya farfaɗo bayan nan. Wanda kuma bai gama ba tukuna, ya nemi takardar sakamakonsa tun yanzu ya lissafa ta da ma'aunin LSAC, kafin ya yi rajistar kwas na zango mai zuwa.