Bishiyar yiw a matsayin shinge da siffofin lambu

Yiw bishiya ce mai duhun ganye wadda ba ta kaɗewa rani da damina, masana tsirrai kuma suna kiranta Taxus baccata. Mafi yawanta a nahiyar Turai take, ko da yake ana samunta a duwatsun Atlas na arewa maso yammacin Afirka, da Turkiyya, da arewacin Iran. Masu lambu a ƙasashen sanyi sun fi saninta da aiki biyu: ana jera ta ta zama shinge mai kauri kamar katanga, ana kuma yi mata aski da almakashi har ta ɗauki siffar dala, ko ƙwallo, ko tsuntsu. Ganyenta siriri ne shimfiɗaɗɗe. Akwai namiji akwai mace, kuma macen ce ke yin jajayen 'ya'ya masu ƙwara ɗaya a ciki.

Abin da ya ɗaukaka ta a kan sauran bishiyoyi masu ganye irin na allura shi ne tana toho daga tsohon itace. Yawancin danginta idan aka sare su har inda ganye ya ƙare, wurin ya mutu ke nan. Ita kuwa ko an bar gungume tsirara sai ya sake fitar da ganye. Shi ya sa shingen da aka dasa ƙarni uku da suka wuce har yanzu ake iya gyara shi.

Tarihi

Askin bishiya zuwa siffofi ya girmi shigar yiw cikin sana'ar. Marubucin Roma Pliny Babba ya jingina ƙirƙirar wannan aiki ga wani Gaius Matius, abokin Sarki Augustus, amma itatuwan da Romawa suka fi askewa wasu ne daban, musamman buksus, mai ƙananan ganye, da saifires, doguwar bishiya siririya. Yiw ta samu wurinta ne a arewacin Turai, inda tsananin hunturu ke wahalar da saifires na Italiya.

Ƙarshen ƙarni na 17 shi ne lokacin da abin ya kai ƙololuwa a Holan da Faransa da Ingila. Lambun Levens Hall da ke Cumbria a arewacin Ingila, wanda wani Bafaranshe mai suna Guillaume Beaumont ya tsara wa Kanar James Grahme daga wajen 1694, ana ɗaukarsa a matsayin lambun askakkun bishiyoyi mafi tsufa da ya rage da fasalinsa na asali. Wasu daga cikin yiw ɗin da ke ciki tun na dashen farko ne, sun zama manyan lema da dala masu hawa-hawa.

Ba a daɗe ba aka juya wa salon baya. A 1713 mawaƙi Alexander Pope ya wallafa wata maƙala ta ba'a, inda ya jero kayan wani mai lambu na ƙage da aka sa a kasuwa, ciki har da Adamu da Hauwa'u da aka aske daga yiw, da hasumiyar Babila da ba a gama ba. Cikin shekarun da suka biyo baya masu tsara lambu irin su Lancelot Brown suka share lambuna masu layi-layi da dama, suka maye su da filin ciyawa da tafki. An yi asarar tsofaffin shingaye masu yawa a wannan zamani. Waɗanda suka tsira sau da yawa sakaci ne ya cece su. A fadar Powis da ke Wels, bishiyoyin da aka dasa ƙanana a bakin dakali, wataƙila a farkon ƙarni na 18, an bar su sun girma yadda suka ga dama, sai a ƙarni na 19 aka dawo musu da almakashi, aka bi tudu da kwarin da suka riga suka yi. Yau suna nan kamar curin gajimare, shingen da ke gefensu kuma ya kai kimanin mita 14. Kyansu ya fi na siffar da aka nufa da su tun farko.

Salon ya farfaɗo a shekarun 1830 da aikin William Barron a lambun Elvaston da ke Ingila, wanda ya shahara wajen ciro manyan bishiyoyi da saiwarsu ya sake dasa su. A ƙarni na 20 aka fi amfani da yiw wajen raba lambu gida-gida kamar ɗakuna, kamar yadda aka yi a lambunan Ingila na Hidcote daga 1907 da Sissinghurst daga 1930. Lambun ɓad-da-hanya na Longleat a Ingila, mai karkatattun hanyoyi tsakanin shingaye, wanda aka dasa a 1975, ya ci bishiyoyi sama da 16,000.

Ire-ire

Yiw ɗin Ayaland, mai miƙewa tsaye kamar ginshiƙi, ta samo asali ne daga wani tsiro da manomi George Willis ya gano a yankin Fermanagh na arewacin Ayaland a rabi na biyu na ƙarni na 18. Masu tarihi ba su daidaita kan shekarar ba. Uwar bishiyar tana gandun gidan Florence Court a wannan yanki, kuma daga yankan reshenta irin ya bazu. A Amurka, inda hunturu ya fi tsanani, an fi dasa yiw ɗin Japan da kuma barbararta da ta Turai.

Dashe da kulawa

Ana yi mata kallon mai jinkirin girma, amma idan ta kama ƙasa tana ƙara santimita 20 zuwa 30 a shekara. Tana jure inuwa, da ƙasa mai alli, da hayaƙin birni. Abin da ba ta jurewa shi ne ruwa ya kwanta a gindinta: saiwar ta ruɓe da cutar faitoftora, ganye ya yi ja-ja, bishiyoyi su bi juna suna mutuwa a layi. A ƙasar laka mai riƙe ruwa ana dasa ta a kan kunya.

Ana dashe daga kaka zuwa farkon bazara, a bar tazarar santimita 45 zuwa 60. Ba a taɓa kan tsiron har sai ya kai tsayin da ake so, gefuna kawai ake ragewa don ya yi kauri. Aski ɗaya a shekara, a Agusta ko Satumba, ya isa. Ana barin gindin shinge ya fi samansa faɗi domin rana ta kai ga rassan ƙasa, dusar ƙanƙara kuma ta zame. Tsohon shingen da ya baje ana sare gefe ɗaya har jikin gungume, a ba shi taki da ruwa, a jira shekara ɗaya ko biyu kafin a taɓa ɗaya gefen.

Guba da magani

Duk jikinta guba ne in ban da jan naman 'ya'yan. Ƙwarar da ke ciki ma guba ce. Sinadarin taksin da ke cikinta yana tsayar da bugun zuciya, dawakai da shanu kuma sukan mutu da ɗan kaɗan. Ganyen da aka aske bai rasa gubarsa ko ya bushe, don haka ba a zubar da shi inda dabba za ta kai, ba a kuma yin shingen a bakin makiyaya. Daga wannan ganye ne masana a Faransa suka samo sinadarin da ake haɗa maganin ciwon daji na dosetaksel, har aka riƙa tattara askin manyan lambuna a Birtaniya domin kamfanonin magani.

Tsawon rai

Tsofaffin yiw sukan rarake a ciki, abin da ke hana ƙirga zoben shekarunsu. Ta Fortingall a Sikotland wasu na ba ta shekara 2,000 zuwa 3,000, wasu har 5,000.