Zermatt (garin wasan zamiya a Siwizalan)

Zermatt wani ƙaramin gari ne a kudancin ƙasar Siwizalan, cikin jihar Valais, can ƙuryar wani kwari da ake kira Mattertal, dab da iyakar Italiya. Garin yana zaune ne a tudu mai tsayin wajen mita 1,600 daga saman teku, mazaunansa na dindindin ba su kai dubu 6 ba, amma idan hunturu ya kama ko lokacin hutun Kirsimeti da sabuwar shekara sai ka ga baƙi sun ninka 'yan gari sau da yawa, kowa ya zo ko dai wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ko hawan dutse ko kuma kawai ya ba idonsa abinci. Abin da ke jawo su dai shi ne dutsen Matterhorn mai tsayin mita 4,478, wanda yake tsaye shi kaɗai a kan garin da tsini kamar an fiƙe shi. Yaren 'yan garin Jamusanci ne, amma irin na mutanen Valais, wanda ko Bajamushen Jamus sai ya kasa kunne sosai kafin ya gane abin da ake cewa.

Yadda ƙauyen makiyaya ya zama garin baƙi

Kafin tsakiyar ƙarni na 19 Zermatt ba komai ba ne illa ƙauyen talakawa manoma da makiyaya, suna kiwon shanu da tumaki da awaki, suna noman hatsin da ke jure sanyi a gefen tsauni, dutsen kuwa tsoronsa suke ji ba sha'awar hawansa ba. Turawan Ingila masu kuɗi da son kasada ne suka fara zuwa suna ɗaukar 'yan ƙauyen haya a matsayin 'yan rakiya. Wani mutum mai suna Alexander Seiler ya hango inda abin zai je, a shekarar 1855 ya buɗe otal ɗin Monte Rosa, wanda har yau yana nan a kan babban titin garin.

Abin da ya kai sunan garin duniya kuwa masifa ce. Ranar 14 ga Yuli 1865 wani Ba'ingile mai suna Edward Whymper da mutum shida suka zama na farko da suka taka ƙololuwar Matterhorn, suka riga wata tawagar 'yan Italiya ƙarƙashin Jean-Antoine Carrel da ke hawa ta ɗaya ɓangaren. Wajen saukowa, dukansu a ɗaure da igiya, sai mafi ƙarancin ƙwarewa a cikinsu, wani matashi Douglas Hadow, ya zame, ya tafi da ɗan rakiya Michel Croz da Charles Hudson da Lord Francis Douglas, igiya ta tsinke, su huɗun suka faɗa ƙasa. Whymper da wasu 'yan rakiya biyu 'yan garin, Peter Taugwalder da ɗansa, su ne suka tsira. Aka yi ta surutu a jaridun Turai, har da masu zargin wai yanke igiyar aka yi, bincike dai bai tabbatar da hakan ba, gawar Lord Douglas kuma ba a taɓa samunta ba. To maimakon labarin ya kori mutane sai ma ya jawo su, kowa yana so ya ga dutsen da ya ci mutum huɗu a rana ɗaya. Guntun igiyar yana nan ajiye a gidan tarihin garin, siririya ce ƙwarai, duk wanda ya gan ta sai ya yi mamakin yadda aka amince mata da rai. A 1871 Lucy Walker ta zama mace ta farko da ta hau dutsen. Daga wancan lokacin zuwa yau sama da mutum 500 sun mutu a kansa, akwai ma maƙabarta ta musamman ta mahaya dutse a bayan cocin garin.

Jirgin ƙasa ya iso daga garin Visp da ke can ƙasan kwarin a 1891, amma da farko da bazara kawai yake aiki, baƙin ma duk na bazara ne. Harkar hunturu sai wajen ƙarshen shekarun 1920 ta fara, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne ta bunƙasa har ta zama babbar hanyar cin abincin garin. An taɓa samun cikas a 1963 lokacin da zazzaɓin taifot ya ɓarke ya kama ɗaruruwan mutane, abin da ya tilasta gyara harkar ruwan sha da magudanai.

Shiga garin

Ba a shiga Zermatt da mota mai shan fetur ko dizal, wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai zuwa ya sani. Idan ka tuƙo motarka iyakarka ƙauyen Täsch, kimanin kilomita 5 kafin garin, can za ka ajiye ta a babban wurin ajiye motoci ka hau jirgin ƙasa na 'yan mintoci. Yawancin baƙin ƙasashen waje ma ba sa wahalar da kansu, suna sauka ne a Zurich ko Geneva su kama jirgin ƙasa zuwa Visp, su canza zuwa ɗan jan jirgin da ke hawa kwarin, tafiyar duka wajen awa uku da rabi zuwa huɗu. Akwai kuma jirgin Glacier Express da ke haɗa Zermatt da garin St. Moritz tun 1930, shi kam tafiyar wajen awa takwas ce kuma ba don sauri ake hawansa ba, don kallon taga ne.

A cikin gari abin hawa ƙananan motoci ne masu lantarki, masu siffar akwati, su ne tasi su ne masu dakon kaya da akwatunan baƙi, kuma da yake ba su da ƙara sai ka yi hattara don za su iya zuwa bayanka ba ka ji ba. Wasu tsofaffin manyan otal har yanzu keken doki suke aikowa tasha. Garin dai ƙafa ma ta isa, cikin rabin awa ka ratsa shi.

Siwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai amma tana cikin yankin Schengen, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana bizar Schengen zai nema, kuma inshorar lafiya tana cikin sharuɗɗan. Kuɗinsu faran na Siwizalan ne ba yuro ba.

Wasan zamiya da hawa sama

Filin wasan ya kasu kashi uku a ɓangaren Siwizalan. Akwai Sunnegga da Rothorn, inda wani jirgi ke ratsa cikin dutse ta rami ya fito da kai sama cikin 'yan mintoci, nan ne ɓangaren da ya fi samun rana kuma nan masu koyo da yara suka fi taruwa. Akwai Gornergrat, inda jirgin ƙasa mai haƙora a ƙarƙashinsa, masu kama layin dogo don kada ya zame, da aka buɗe tun 1898 yake hawa a hankali har mita 3,089 cikin kamar rabin awa, daga can sai ka ga kogin daskararriyar ƙanƙara na Gorner shimfiɗe a ƙasa da kuma Dufourspitze mai mita 4,634, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Siwizalan. Sai na uku, Klein Matterhorn, inda motar igiya, wato ɗakin nan da ke rataye a jikin waya, take kai mutum har mita 3,883, ba tashar irinta da ta kai ta tsayi a Turai. Daga can ana iya gangarowa ta ɓangaren Italiya zuwa garin Cervinia, idan aka haɗa hanyoyin ɓangarorin biyu sun kai wajen kilomita 360, kuma tun 2023 ko wanda ba ya wasan zamiya zai iya tsallakawa a motar igiya zalla. Mutane na son zuwa Italiya cin abincin rana saboda ya fi araha, sai dai fa duk wanda ya yi sake motar ƙarshe ta tashi ta bar shi, to ko ya kwana can ko ya biya tasi ta zagayo da shi tafiyar awanni, don dutsen da ka tsallaka cikin minti kaɗan ba hanyar mota a kansa.

Hanyoyin suna da launi. Shuɗi na masu koyo, ja na matsakaita, baƙi na gwanaye, rawaya kuma hanya ce da aka yi wa alama amma ba a daddale ƙanƙararta ba. Gaskiya dai Zermatt ba shi ne wurin da ya fi dacewa da ɗan koyo ba, hanyoyin ja sun fi yawa kuma tikitin hawa da tsada, wanda bai taɓa sa ƙafa a katakon zamiya ba gara ya ɗauki malami na kwana biyu ko uku kafin ya ce zai hau sama. Kayan wasan duk ana bayar da su haya a shagunan garin, takalmi da katako da sanduna da hular kwano.

Abubuwa biyu ne ke kama baƙo ba shiri. Na farko iska, a sama da mita 3,000 ba ta da kauri, taku goma sai ka ji kana haki, wani har ciwon kai da jiri, maganinsa a hau a hankali a sha ruwa, idan ya ƙi a sauko. Na biyu rana, mutum zai ɗauka tunda sanyi ake ba ruwansa da ita, alhali hasken da ke dawowa daga farar ƙanƙara yana ƙona fata yana kuma yi wa ido illa, baƙar fata ma ba ta tsira ba, shi ya sa tabarau da man kariya suka zama dole. Wanda ya bar hanyar da aka yi wa alama kuma yana wasa ne da zaftarewar dusar ƙanƙara da ramukan da ke ɓoye a ƙarƙashinta. Kamfanin Air Zermatt da aka kafa a 1968 shi ke aikin ceto da jirage masu saukar ungulu, kuma ba kyauta ba ne, wanda inshorarsa ba ta ɗauki wasan dutse ba daga aljihunsa zai biya.

Cikin gari da abinci

Babban titin shi ne Bahnhofstrasse, daga tasha har coci, cike da shagunan agogo masu tsadar gaske da na cakulan da kayan sanyi. Amma idan ka karkata kaɗan za ka faɗa tsohuwar unguwar Hinterdorf, inda gidaje da rumbunan katako na ƙarni na 16 zuwa na 18 suke tsaye, rana ta ƙona katakon ya yi baƙi ƙirin. Rumbunan an ɗora su ne a kan gajerun ƙafafu, tsakanin kowace ƙafa da jikin rumbun an sa faffaɗan falalen dutse mai zagaye, ɓera ya hawo ƙafar sai ya tarar da dutsen ya rufe masa sama ba yadda zai yi ya juya, dabarar dai 'yar'uwar ta rumbunmu ce da ake ɗorawa kan duwatsu. Kiwo ma bai mutu ba, har yanzu akwai tumakin nan masu baƙar fuska da tulin gashi, da bazara kuma ana kora garken awaki ta tsakiyar babban titi, masu yawon buɗe ido na bin su da waya.

Abincin yankin cuku ne da dankalin Turawa da busasshen nama. Raclette cuku ne da ake gasa gefensa a kankare narkakken a kan dankali, fondue kuma cuku ne narkakke a tukunya ana tsoma burodi. Musulmi ya kula, a al'ada da giyar inabi ake dafa fondue, kuma naman alade yana shiga cikin abinci da yawa ba tare da an yi shela ba, tambaya ita ce mafita. Gidajen abincin da suka fi suna ma ba a cikin gari suke ba, suna cikin ƙananan ƙauyukan da ke kan tudu irin su Findeln da Zmutt. Tsada kam ba a magana, Siwizalan da ma can tana da tsada, Zermatt kuma ya ɗara, har ma'aikatan otal ɗin, waɗanda da yawansu 'yan Fotugal ne, wasu sai dai su kama haya a Täsch su riƙa shigowa kullum.

Narkewar ƙanƙara

Zermatt na cikin wurare ƙalilan da ake wasan zamiya har da bazara, a kan kogin daskararriyar ƙanƙara na Theodul. To a watan Yuli 2022 zafi ya yi yawa har sai da aka dakatar da wasan na wani lokaci, kuma masana sun auna cewa a shekarun 2022 da 2023 kaɗai ƙasar ta rasa kusan kashi 10 cikin 100 na daskararriyar ƙanƙararta. A 2023 ƙanƙarar Theodul ta fito da gawar wani Bajamushe mai hawan dutse da ya ɓace tun 1986. Abin ya taɓa har iyakar ƙasa, domin a wannan yankin tudun ƙanƙarar ne iyaka tsakanin Siwizalan da Italiya, da ya narke sai layin ya gusa, dole ƙasashen biyu suka zauna suka sake shata shi, gwamnatin Siwizalan ta amince da nata ɓangaren a 2024. A watan Yunin 2024 kuma kogin Vispa da ya ratsa garin ya yi ambaliya, jirgin ƙasa ya tsaya, garin ya yanke daga waje na ɗan lokaci. A ƙananan hanyoyin wasan yanzu injina ne ke fesa dusar ƙanƙara tun farkon hunturu kafin ta sama ta sauko.