Hasashen kafin kaka a besbol: me ake nufi da shi, kuma me yasa ake tono shi a Oktoba?

Duk shekara da zarar an buga wasan ƙarshe na kakar besbol a Amurka, wato ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, akwai wata al'ada da 'yan jaridar wasanni da magoya baya basa fashinta. Sai a koma a zaƙulo abinda kowa ya faɗa tun watan Maris, a ajiye shi kusa da teburin ƙarshe, a ga wa ya dace wa ya kwafsa. Ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Wanda ya cika baki cewa ƙungiya kaza ce zata ɗau kofi, gashi ta ƙare a ta huɗu, ranar zai sha tsiya har ya gode Allah.

To shi wannan abu da ake tonowa shine hasashen kafin kaka. A gasar MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, ƙungiyoyi 30 ne, 29 a Amurka ɗaya a Toronto ta Kanada, kowacce tana buga wasa 162 a cikin wata shida, kusan kullum ana fili, kuma babu canjaras, dole wani ya ci wani ya sha kashi. Shi yasa ake rubuta hasashen da lamba biyu kawai, misali 90-72, ma'ana zata ci wasa 90 a doke ta a 72. Ƙungiyar da ta ci 81 ita ce tsaka-tsaki, wadda ta kai 95 ta yi ƙarfi sosai, wadda kuma aka doke sau 100 to shekarar sai dai haƙuri.

Amma fa hasashen iri biyu ne, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Akwai na baki, wanda suke kira firedikshan, wato ɗan jarida ko tsohon ɗan wasa ya zauna ya ce ni dai a ganina wance ce zata yi ta ɗaya, ya haɗa da abinda ya gani a atisayen bazara da abinda zuciyarsa ta raya masa. Akwai kuma na lissafi, firojekshan, wanda kwamfuta ke fitarwa daga alƙaluman 'yan wasa. Wannan na biyun shine ake yawan rigima a kansa, shi kuma zan fi tsayawa a kai.

Mafi shahara a cikinsu sunansa PECOTA. Nate Silver ne ya ƙirƙiro shi, shafin Baseball Prospectus ya fara fitar da shi a 2003, e wannan Nate Silver ɗin dai da ya zo ya yi suna wajen hasashen zaɓen Amurka, da besbol ya fara. Sunan ma tsokana ce, an ɗauko shi daga wani ɗan wasa Bill Pecota da ya buga wa Kansas City Royals wanda bai taɓa zama wani tauraro ba. Sai ZiPS na Dan Szymborski da kuma Steamer, waɗanda ake gani a shafin FanGraphs. Akwai kuma wani mai suna Marcel da Tom Tango ya yi, da gangan ya sa masa sunan biri, wai lissafin yana da sauƙin da ko biri zai iya, duk wanda nasa tsarin bai fi na biri ba to ya ajiye sana'ar.

Shi Marcel ɗin ya fi sauƙin gane yadda abin yake aiki. Za a ɗauki shekara ukun ƙarshe na mai bugu, wato ɗan wasan da ke dukan ƙwallo da sanda, a bawa ta bara nauyi 5, ta bara waccan 4, ta gabanta 3, sannan a ɗan ja sakamakon zuwa tsakiya, wato matsakaicin 'yan wasan gasar, saboda duk wanda ya yi abin mamaki a shekara ɗaya akwai rabon sa'a a ciki kuma sa'a bata zama, sannan a duba shekarunsa, matashi a ɗan ƙara masa, wanda ya haura talatin a ɗan rage. Shikenan. PECOTA kuma ya ƙara da nemo 'yan wasan da suka gabata masu kama da kai a shekaru da jiki da salon wasa, ya duba yadda tasu ta kaya. Bayan nan sai a haɗa na duka 'yan ƙungiya, a ƙiyasta wa zai buga wasa nawa, a sa kwamfuta ta buga kakar sau dubbai, a ɗauki lambar tsakiya. Don haka in kaga an rubuta 85, ba cewa aka yi 85 zasu ci ba daram, cewa aka yi in da za a maimaita shekarar nan sau dubu to a nan wajen zasu fi yawan faɗowa. Ba duba bane.

Ga wani lissafi da nake ganin ya kamata kowa ya riƙe kafin ya fara yiwa mai hasashe dariya. Ka ɗauki kwabo ka cilla sau 162, ka ƙirga sau nawa ya faɗi ta fuska ɗaya. Tsakiya 81 ne, amma kaucewa da shida sama ko ƙasa abu ne na yau da kullum, wani lokacin ma goma sha biyu. Wato ko da ace ka san ƙarfin kowace ƙungiya ɗari bisa ɗari, babu wanda ya ji rauni, babu wanda aka sayar, sa'a kaɗai ta isa ta kautar da kai da wasa shida. A ƙungiyoyi 30 kuwa dole a samu ɗaya ko biyu da zasu kauce da nisa. Saboda haka wanda ya ce 88 aka samu 83 bai yi kuskure ba a wajena, ya ma yi ƙoƙari.

Amma akwai shekarun da kunyar ta wuce a ɗora wa kwabo. 2021 PECOTA ya bawa San Francisco Giants wasa 75. Kowa idonsa na kan Los Angeles Dodgers da San Diego Padres da ke rukuni ɗaya da su, su Giants ana musu kallon tarin tsofaffi: Buster Posey shekara 34 kuma bai ma buga kakar 2020 ba, Brandon Crawford shima 34, Brandon Belt 33. Sai tsofaffin nan suka tashi kamar an musu allura, aka wayi gari ƙungiyar na ta ci ana ta cewa bari dai zasu gaji, Yuni ya wuce, Agusta ya wuce, basu gaji ba. Ranar ƙarshe, 3 ga Oktoba, suka lallasa Padres 11 da 4, har mai jifansu Logan Webb, wanda aikinsa jefa wa masu bugu ƙwallo ne, ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, suka ƙare da 107, Dodgers na biye da 106. Wasa 32 tsakanin hasashe da gaskiya. Wannan kam ba a magana. Sai dai ka san me ya faru a 2022? Posey ya yi ritaya, sauran suka dawo yadda aka san su, Giants suka ƙare 81-81 cif. To wa ya yi ƙarya, kwamfuta ko teburi? Ni a ganina kwamfutar ta raina su da gaske, amma 107 ɗin ma ba shine ainihin ƙarfinsu ba.

Magoya bayan Royals kuwa har yau basu yafe ba. 2015 PECOTA ya ce 72-90, alhali shekarar da ta gabata sun je wasan ƙarshe na World Series, wato karawar da ake ɗaukar kofin MLB, suka zo suka ci 95 suka kuma ɗau kofin bayan sun doke New York Mets. Tsarin da aka sa wa sunan tsohon ɗan wasansu shine ya fi raina su, abin dariya. Amma in za a yi adalci a tuna 2007, lokacin da ya ce Chicago White Sox, waɗanda suka ɗau kofi a 2005 suka ci 90 a 2006, zasu faɗo 72-90, mutanen Chicago suka yi ta kumfar baki, ƙarshen kaka ya zo 72-90 babu ƙari babu ragi. Haka a 2008 ya hango tashin Tampa Bay Rays da suka sha kashi 96 a shekarar baya, ya basu kusa da 90, suka ci 97.

Shi yasa mai bita na gaskiya baya tsayawa a kan an dace ko ba a dace ba, tambayarsa ita ce me ya jawo. Wani lokaci rauni ne. New York Mets sun ci 101 a 2022, suka shiga 2023 da albashin 'yan wasa mafi tsada da aka taɓa gani a lokacin, kowa ya sa su a sama. Tun kafin a fara kaka, a watan Maris, mai jifan da ke rufe musu wasa Edwin Díaz yana bugawa Puerto Rico a gasar besbol ta ƙasashen duniya a Miami, sun doke Jamhuriyar Dominika, ana tsalle-tsallen murna a tsakiyar fili sai gani aka yi ya zube yana riƙe da gwiwa, a keken guragu aka fitar da shi, bai jefa wa Mets ƙwallo ko ɗaya ba a shekarar. Wace kwamfuta ce zata hango wannan? Da abin ya ƙi, a ƙarshen Yuli da farkon Agusta suka sallama manyan masu jifansu Max Scherzer da Justin Verlander, suka ƙare 75-87. Ƙungiyar da aka yi wa hasashe a Maris ba ita ce ta buga Satumba ba.

Wani lokaci kuma sa'a ce tsagwaronta, kuma akwai yadda ake gane ta. Bill James, masanin alƙaluman besbol, ya fito da wani lissafi da ake kira da sunan Pythagoras, tsohon masanin lissafi na Girka, inda ake duba makin da ƙungiya ta ci da wanda aka ci ta duk kaka a fitar da wasa nawa ya kamata ace ta ci. Padres a 2023 sun fi abokan karawarsu da maki 104, wanda a lissafin nan ya kai su sama da wasa 90, amma 82 suka ci, saboda a wasannin da aka tashi da tazarar maki ɗaya sun ci 9 an doke su 23. A wannan shekarar kuma Miami Marlins da Arizona Diamondbacks an fi cinsu maki fiye da yadda suka ci, amma kowacce ta samu 84 ta shige zagayen kofi, wato wasannin sili-ɗaya-ƙwale da ake yi bayan kaka, Padres na gida suna kallo. Wanda ya ce Padres na da ƙarfi bai yi ƙarya ba, teburi ne kawai bai nuna ba.

Sai na uku, inda mai hasashen ne da kansa ya kwafsa, ya raina matasa ko ya yarda da tsofaffin suna. Baltimore Orioles an doke su sau 110 a 2021, zuwa 2023 sun ci 101, kuma 'yan kaɗan ne suka ga abin na zuwa da wannan saurin. Nan kam sai mutum ya ce na yi kuskure kawai, kuma a gaskiya ni na fi ganin girman ɗan jaridar da zai fito da tsohon rubutunsa da hannunsa a kan wanda zai zaɓo guda biyun da ya dace ya yi shiru da goma sha biyar.

Dalilin da yasa ake bitar nan da zarar kaka ta ƙare, ba a jira a ɗau kofi ba, shine wasa 162 sun isa a auna wani abu, zagayen kofi kuwa wasa uku ne ko biyar ko bakwai, kowa zai iya cin kowa. Diamondbacks ɗin nan masu 84 su suka haɗu da Dodgers masu 100 a Oktoban 2023, suka share su uku ba ko ɗaya, suka wuce har World Series inda Texas Rangers, da aka doke sau 94 a shekarar baya, suka ɗau kofin.