Waiwaye: Tsohon Lissafi a Rumbun Bayanai na Gajimare

Wata uwar adashi a Tudun Wadan Zariya ta kira ni rai a ɓace. Ni na haɗa mata manhajar rubuta zubi. Ta shigar da dubu biyar ɗin wata mata, ta duba nan take, sai ga tsohuwar jimilla. "Malam, kuɗin mutane fa, ina suka shiga?" Kafin ta ajiye waya lissafi ya daidaita, amma laifina ne, kuma tushensa da nisa.

Rumbun gajimare, wato ma'ajiyar bayanai ta intanet da manhajar ke amfani da ita, ba ya ajiye bayani wuri guda. Kwafinsa yake bazawa a kwamfutoci da dama, don in ɗaya ta mutu saura su riƙe, kuma sabon rubutu kan ɗauki ɗan lokaci kafin ya zaga su duka. A 2000 masanin kwamfuta Eric Brewer ya ce muddin sadarwa ta tsinke tsakaninsu, zaɓi biyu ne: ko a amsa da abin da ke hannu, ko a ƙi amsawa sai an tabbatar. Gilbert da Lynch na jami'ar MIT suka kafa hujjar maganar a 2002.

Kamfanin Amazon ya zaɓi amsawa da abin da ke hannu. Rumbunsa Dynamo, wanda ya bayyana a 2007, an gina shi ne don kada kwandon sayayya na shafinsa ya ƙi karɓar kaya. Ga kwando hakan daidai ne, amma ba kowane bayani ne kwando ba, don haka a 2010 aka ƙara wa SimpleDB, wani rumbun na Amazon, zaɓin tabbataccen karatu, wato karatun da ke kawo bayani mafi sabo. DynamoDB, rumbun Amazon da na ɗora manhajar a kai, ya gaji zaɓin a 2012 da sunan ConsistentRead, sai dai a kashe yake zuwa, kuma in ka kunna shi kuɗin karatun ya ninka. A nan na yi sakaci, na bar shi yadda na same shi.

Google ya bi wata hanyar da nasa rumbun, Spanner, yana daidaita lokaci da agogon atom da GPS. Microsoft kuwa a 2017 ya fito da rumbun Cosmos DB mai matakan tabbacin karatu 5, kuma wanda yake zuwa a kunne yana tabbatar wa mai rubutu ganin abin da ya rubuta. Abin da Hajiya uwar adashi ke nema ke nan, ba ƙari.

Yanzu shafin zubi da na kwasa kaɗai na kunna wa tabbataccen karatu. Jerin sunayen 'yan adashi na bar shi a mai araha, tunda sai a yi wata ba a taɓa shi ba.