Ice Cube

O'Shea Jackson, wanda aka fi sani da Ice Cube, mawaƙin gambarar zamani ne ɗan ƙasar Amurka, kuma jarumin fim, marubucin labari da furodusa. An haife shi ranar 15 ga Yuni, 1969, a birnin Los Angeles na jihar Kaliforniya, ya tashi a unguwannin baƙar fata da ke kudancin birnin. Bayan sakandare ya ɗan karanci zanen gine-gine a Phoenix, amma waƙa ce ta ja shi.

Da alƙalami ya fara suna. Shi ya rubuta wa mawaƙi Eazy-E waƙar "Boyz-n-the-Hood" ta 1987, kuma baitoci da dama na kundin Straight Outta Compton na ƙungiyar mawaƙa ta N.W.A, wadda yake cikinta, daga hannunsa suka fito. Kundin ya yi kasuwa sosai, sai dai abin da ya shiga aljihun marubucin bai taka kara ya karya ba. A ƙarshen 1989 ya raba gari da ƙungiyar kan rikicin kuɗi da manajanta Jerry Heller, ya fitar da kundinsa na kansa a 1990.

Darakta John Singleton ne ya jawo shi harkar fim, ya ba shi matsayin Doughboy a Boyz n the Hood na 1991. Shi ne kuma ya zuga shi ya gwada rubutun fim, bisa hujjar cewa mai iya tsara labari a cikin waƙa ba zai kasa tsara shi a takarda ba.

Abin da zugar ta haifar shi ne Friday na 1995, wanda ya rubuta tare da DJ Pooh, F. Gary Gray ya ba da umarni. A lokacin finafinan unguwannin baƙar fata kusan duk harbe-harbe ne da makoki. Su kuwa suka ɗauko ɓangaren raha. Labarin yini ɗaya ne tak: an kori Craig (Ice Cube) daga aiki a ranar hutunsa, ya zauna a ƙofar gida da abokinsa Smokey, wanda wani dilan wiwi ke bi dala 200 da sharaɗin a biya kafin ƙarfe goma na dare. Daga wannan dakalin suke kallon unguwa tana wucewa, daga maƙwabta masu roƙo har ƙaton da ke yawo a keke yana ƙwace wa mutane kaya. An ɗauki fim ɗin cikin kwana 20 da kimanin dala miliyan 3.5, ya kawo sama da miliyan 27, ya kuma haska Chris Tucker, wanda ya fito a matsayin Smokey. Salon waƙoƙin Ice Cube ne ya koma hoto: wuri ɗaya, mutanen da marubuci ya sani ciki da bai, da maganar titi yadda ake yin ta.

A 1998 ya rubuta The Players Club ya kuma ba da umarninsa da kansa. Kamfaninsa Cube Vision, da ya kafa da Matt Alvarez, ya shirya Next Friday a 2000, Friday After Next a 2002 (kashi na biyu da na uku na Friday) da Are We There Yet? a 2005. Wannan na ƙarshen fim ne na iyali, kuma tsofaffin masoyansa da yawa sun yi masa shaguɓe ganin mai zafin baki ya koma wasa da yara. A 2015 yana cikin furodusoshin fim ɗin tarihin N.W.A, inda ɗansa O'Shea Jackson Jr. ya fito a matsayinsa. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 200.

Haƙƙin mallakar Friday yana hannun New Line Cinema da uwar kamfanin, Warner Bros. Ice Cube ya shafe shekaru yana ƙorafi a fili cewa sun riƙe kashi na huɗu, har John Witherspoon, wanda ya fito a matsayin mahaifin Craig, ya rasu a 2019 ba a ɗauka ba.