Katun: kalmar da ta yi aikin coci kafin ta shiga talabijin

In ka ce "katun" a gidan Bahaushe yau, yara ne za su fara ɗaga kai, domin a wurinsu katun shi ne kyanwa da ɓera suna tsere a talabijin. Mai karanta jarida kuwa zanen barkwanci zai faɗo masa a rai, irin wanda ake zana ɗan siyasa da ƙaton tumbi yana zaune bisa buhun kuɗi. Akwai kuma waɗanda kalmar ke fama musu tsohon miki, tun zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a ƙasar Denmark a 2005. Shi ya sa in aka ce wane yana zana katun na labarin Dauda da Goliyat, ko na haihuwar Yesu, sai ka ga an yamutsa fuska, har a cikin Kiristocin ma. Tambayarsu ita ce, ina haɗin maganar Allah da abin dariya?

To, asalin kalmar babu dariya a cikinta ko kaɗan. Daga Italiyanci ta fito, cartone, wato babbar takarda mai kauri. Katan ɗin taliya da ake saukewa a ƙofar kanti da katun ɗin yara uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, katin waya ma ɗan dangi ne, duk takarda ce kakarsu.

Masu zanen Italiya na ƙarni na 15 da na 16 suna yi wa bangon coci ado ne a kan ɗanyen yaɓe, launin ya shige cikinsa su bushe tare. Bahaushe ya san wannan, shi da ya ce tun ran gini ran zane. Da zarar yaɓen ya bushe gyara ya zama wahala, sai dai a sassaƙe wurin a sake. Don haka mai zane yakan fara fitar da hoton gaba ɗaya a takarda, daidai girman da zai kasance a bango. A nan yake gogewa, ya sake, ya matsar da hannu, ya rage kai. In ya gamsu, sai a bi layukan da allura ana hudawa, a manna takardar a jikin ɗanyen bangon, a ƙulle garin gawayi cikin tsumma a riƙa bubbugawa. In an ɗage takardar sai ga hoton ya fito ɗigo-ɗigo, saura a bi da launi. Wannan takardar ita ce katun na farko, kuma amfaninta shi ne a ƙare kuskure a kanta kafin a taɓa bango.

Mafi shahara a cikin irinsu su ne na Rafayel, mai zanen Italiya. Wajen 1515 Paparoma Leo na 10 ya ba shi aikin zana hotuna 10 daga rayuwar manzo Bitrus da manzo Bulus, domin a saƙa su a matsayin manyan dardumai na rataya a ɗakin sujada na Sistine da ke Vatican. Kowanne ya haura mita 3 a tsaye. Aka kai su Brussels, masaƙa suka yanyanka su falle-falle suna sa wa a ƙarƙashin zare suna bi. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne, ta baya ake saƙar, saboda haka duk abin da ke dama a takarda hagu yake komawa a darduma. Dole Rafayel ya yi tunani a juye: a zanen da Bitrus ya kama kifi jingim, hannun hagu Yesu ya ɗaga, don in an saƙa ya fito da na dama. Guda 7 daga cikin takardun sun tsira, suna gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan tun 1865.

Yadda dariya ta shigo kuwa, a Ingila abin ya faru. Ginin majalisar dokokinsu ya ƙone a 1834, aka sake shi, aka kuma sa gasar zanen da za a ƙawata bangonsa, aka baje katun ɗin masu gasa don jama'a su gani. A 1843 mujallar barkwanci mai suna Punch ta yi musu shaguɓe: John Leech ya zana talakawa cikin tsumma suna kallon hotunan manya a bango, aka sa masa suna katun na ɗaya. Sunan ya bi zanen shaguɓe tun daga ranar. Da aka fara jera hotuna a akwati-akwati suna ba da labari, shi ma aka kira shi katun, da hotuna suka fara motsi a majigi sunan ya bi su can. Yau kalmar tana ɗauke da ukun nan duka, kuma katun na Littafi Mai Tsarki galibi na biyu ne ko na uku.

Ba dukan Kirista ne suka yarda da zana abin da ke cikin Littafin ba, kuma gardamar tsohuwa ce. Masu ƙi suna kafa hujja da Fitowa 20:4, inda aka hana yin gunki ko siffar wani abu. Masu yarda suna tuna wasiƙar da Paparoma Gregori Babba ya rubuta wa wani bishop a Marseille wajen shekara ta 600, inda ya nuna cewa hoto yana yi wa wanda bai iya karatu ba aikin da rubutu ke yi wa mai karatu. Taron shugabannin coci na biyu a garin Nikiya a 787 ya halatta hotuna, John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, ya zo a ƙarni na 16 ya sake ƙi. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa galibinsu ba su yarda a zana annabawa ba sam, kuma mai zane a ƙasar Hausa da ya manta da wannan bai san inda yake zaune ba.

A zamaninmu aikin ya zama sana'a. Kamfanin David C. Cook a Amurka ya fitar da The Picture Bible a 1978, da zanen Andre LeBlanc. A 2010 kamfanin ya sabunta aikin da sunan The Action Bible, wannan karon da hannun Sergio Cariello, haifaffen Brazil da ya taɓa yi wa manyan kamfanonin katun na Marvel da DC zane. Superbook, katun mai motsi da aka yi a Japan a 1981, shi ma an sake shi da kwamfuta a 2011. Ka lura, duk manyan nan sake su aka yi. Matakan aikin dai sanannu ne: a tsara labari, a zana da fensir, a bi da tawada, a sa launi, a zuba magana. Amma a matakin fensir ne ake gumi, domin a nan ake kai wa fasto ko mai fassara ya duba, ya dawo da shi da jan biro.

Dalilin yawan gyaran shi ne hoto ba ya iya yin shiru inda nassi ya yi shiru. Littafin Farawa ya ce Hawwa'u ta ci 'ya'yan itace, bai faɗi wane iri ba. Mai karatu zai wuce abinsa, mai zane kuwa dole ya zaɓi siffa da launi, kuma da yake Turawa sun daɗe suna zana tuffa, yau yara da yawa za su rantse tuffa ce. Bisharar Matiyu ba ta ce masanan da suka zo daga gabas don ganin jariri Yesu su uku ba ne, kyautarsu ce iri uku: zinariya, lubban da mur. Mafi ban mamaki shi ne ƙahon Musa. Fitowa 34 ta ce fuskarsa tana annuri da ya sauko daga dutse, amma kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita tushenta ɗaya da kalmar ƙaho, Jerom, malamin coci na dā, kuma da yake fassara Littafin zuwa Latin ya ɗauki ma'anar ƙaho. Masu zane suka bi shi ɗaruruwan shekaru. Mutum-mutumin Musa da Mikelanjelo ya sassaƙa yana nan a wani coci a Rum da ƙahoninsa biyu, kuma dutse ba ya goguwa.

Ni a ganina kuskuren da ya fi waɗannan illa shi ne na jiki. In aka zana Dauda da ƙirji kamar ɗan dambe, damatsa sun kumbura, an kashe labarin tun kafin ya ɗauki dutse, don abin da labarin ke faɗa shi ne yaro makiyayi ne da sulken Sarki Saul ya yi masa nauyi. Haka maganar launin fata. A shekarun 1970 Kiristocin ƙabilar Mafa a arewacin Kamaru, can wajen duwatsun Mandara da ke iyaka da Najeriya, sun riƙa kwaikwayon labaran bishara a ƙauyukansu, ana ɗaukar hoto, wata Bafaransa mai zane ta mayar da su hotunan da aka sani da Yesu Mafa. A cikinsu Yesu baƙi ne, yana zaune tsakanin bukkoki da ƙorai. Wasu sun ce wannan ma ba tarihi ba ne, kuma gaskiyarsu, sai dai Yesu mai shuɗin ido da ke rataye a falon gidaje da yawa shi ma ba tarihi ba ne.

In aka zo mayar da katun Hausa, sai wasu gyare-gyaren na gida su taso. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka mutane sun haddace ayoyi, in ka canza kalma ɗaya a bakin Bitrus wata tsohuwa a coci za ta kama ka. Jimlar Hausa kuma takan fi ta Turanci tsawo, sai ɗan da'irar da aka ware wa magana ya cika ya rufe fuskar mai maganar, dole a sake tsara akwatin. In aka juya hoto a kwamfuta don ya zauna daidai a shafi, matsalar Rafayel ta dawo: sai ga Yesu yana miƙa wa almajirai gurasa da hannun hagu, abin da ko yaron goye akan yi wa faɗa a kai a gidajenmu. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa, waɗanda yawancin salon rubutun katun ba su da su. Cire lanƙwasar ɗ kawai, "Ɗan Allah" ya koma "Dan Allah", mai karatu ya ɗauka roƙo ake yi.

Na taɓa ganin wani matashi ya kawo zanen Dauda da Goliyat da ya yi wa 'yan makarantar Lahadi. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, Goliyat ya cika shafi, Dauda ɗan firit a gefe. Wani dattijo da ya yi kiwo a ƙuruciyarsa ya karɓa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a hannun Dauda.

"Ɗana, wannan mene ne?"

"Abin harbinsa ne, Baba."

"Danƙon harbin tsuntsu ka ba shi. A zamanin Dauda ina aka ga roba? Majajjawa aka ce."

Ya sa aka samo masa igiya da guntun fata, ya ƙulla, ya fita tsakar gida ya wulwula ta bisa kansa sau uku don yaron ya ga yadda kafaɗa ke juyawa da inda ƙafa ke tsayawa. Matashin ya zaro abin gogewa daga aljihu, ya zauna a bakin dakali, ya fara da hannun dama.